Sifikar Inna a Kan Motar Kamfe

A shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki, kunnen Inna ya fara nauyi. Ba lokaci ɗaya abin ya zo ba. Da farko sai ka yi sallama tun daga zaure ba ta amsa ba, ka shigo ka tarar tana tsince shinkafa, ta ɗago ta ce kai ne ba ka da ladabi, kana faɗo wa mutane gida kamar ɓarawon kaji. Daga baya muka lura idan ana hira sai ta zuba wa bakin mai magana ido. Ita kuwa ko kusa ba ta yarda ba. A wajenta mutanen zamani ne suka koyi magana ƙasa-ƙasa saboda gulma ta yi musu yawa.

Inna ita ce mahaifiyata. Gidanmu yana Madabo, can cikin lungu inda mota ba ta shiga. Ni a lokacin ina koyarwa a wata makarantar sakandare, ban yi aure ba, ina zaune a ɗakin da ke jikin soro na biyu. Inna tana da ƙanwa ɗaya tak, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta bi mijinta aikin Hajji tun ina rarrafe, suka yi zamansu a can. Ta-Makka muke ce mata. Daga ita har Inna ba mai rubuta wasiƙa, waya kuwa sai gidan wane da wane, don haka kaset ne yake haɗa su. Duk mai tafiya Umra ko Hajji daga unguwa, Inna za ta ba shi kuka da daddawa da kaset, in ya dawo ya kawo dabino da turare da wani kaset ɗin. Ta-Makka takan zauna gaban rakoda ta yi ta zuba har kaset ya cika gaba da baya: gaisuwa, ciwon gwiwarta, wa ya haihu, wa ya rasu, sannan ta koma tsokanar Inna da abubuwan da suka yi suna 'yan mata. Ranar da kaset ya iso, abincin rana a gidanmu sai bayan la'asar.

Wata ƙaramar rakoda Inna take da ita, wadda idan aka ƙure ta sai ta kama zizi. Wata rana na shigo na same ta ta ƙure ta, tana dariya tana gyaɗa kai. Na tsaya na saurara. Ta-Makka labarin rasuwar wata ƙawarsu take bayarwa, muryarta na rawa. Inna ba ta ji ko kalma ɗaya ba, sautin kawai take bi, ta ɗauka ana cikin tsokana ne. Na koma ɗakina raina a jagule. Na aro abin sawa a kunne na sauraron kaset na kawo mata, ta fizge shi ta ce kamar an zuba mata ƙudan zuma a ka.

Ba zan yi ƙarya in ce don Inna kaɗai na shiga neman sifika ba. Na daɗe ina haɗa kayan sauti ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da na kwashi adashin malamai. Na sayi talabijin, na sayi bidiyo, na sayi dek da amfilifaya, duk 'yan gwanjo. Ina son waƙoƙina, kuma lokacin ne finafinan Hausa suka fara yawa, ranar Juma'a matan gida da na maƙwabta sukan cika mini ɗaki. Sifika ce kawai ta rage. Ƙanana nake so, waɗanda za su zauna a kantar littattafaina, don ɗakin ba shi da fili, kuma bangonmu ɗaya da wani dattijon malami da ba ya son hayaniya. Amma tun ranar da na ga Inna tana dariyar mutuwa ba ta sani ba, abin da nake nema ya canza. Sifikar da za ta fito da magana tsaf nake so, sauran duk su biyo baya.

Wanda zan tafi da shi kasuwa ba sai na yi tunani ba. Ina da amini, ɗan lungunmu, wanda mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami. A gidanmu ya tashi kusan rabin rayuwarsa. Kwano ɗaya Inna take zuba mana, kuma in ya yi dare ita take ajiye masa ɗumame, ni in na yi dare faɗa nake sha. Sana'arsa haɗa lasifika a wajen biki da walima da maulidi, don haka a unguwa in ana maganar sauti shi ne mai kunne. A 'yan watannin nan ya shiga wata jam'iyya, yana bin wani Alhaji mai neman shugabancin ƙaramar hukuma. Ni abin dariya ma yake ba ni, ina ce masa ranka ya daɗe mai girma.

Asabar bayan Asabar muka yi ta zuwa Sabon Gari, layin masu kayan wuta. Duk shagon da ka tsaya, kaset ɗin kiɗa za su saka maka su ƙure, har ka ji cikinka yana motsi, mai shago yana kallonka yana murmushi kamar shi ya ƙera ta. Ni kuwa sai in zaro tsohon kaset ɗin Ta-Makka daga aljihu in ce wannan za a saka. Wasu su yi dariya, wasu su ce ba su da lokacin jin hirar tsofaffi. A ƙarshen layi muka samu wani mai shago mai haƙuri, ya karɓa ya saka ba tare da ya tambaye ni dalili ba.

Kashi biyu ya sauko mana da su. Na farko na katako ne, ruwan ƙasa, tsayinsu bai fi na babban ƙamus ba, gefen ɗaya ya ɗan ɗaye. Aka kunna. Ga Ta-Makka nan kamar tana bayan labule. Na ji ɗan tsakin da take yi kafin ta faɗi magana mai daɗi, na ji ƙarar awarwaronta idan ta ɗaga hannu. Shekara da shekaru ina jin kaset ɗin nan ban san akwai awarwaro a ciki ba. Kashi na biyu baƙaƙe ne na roba, da ragar ƙarfe a gaba, sun fi girma da nauyi, amma da dabara za su shiga kanta. Idan aka saka musu kiɗa har ƙirjinka kake jin ganga. Da aka saka Ta-Makka kuwa sai muryarta ta yi kauri, kamar mai magana daga cikin randa.

Na ce na katakon nan nake so. Aminina ya girgiza kai, ya ja ni gefe. Ya ce waɗannan an yi su ne don masu lafiyayyen kunne da ɗaki mai kafet, Inna ƙarfi take buƙata. Ya ce wutarmu da take zuwa da hauka rana ɗaya za ta ƙone su. Ya ce kaurin murya ba matsala ba ne, maɓalli ne kawai za a murɗa. Na ce to amma ni kunnena ya ji abin da ya ji. Sai ya ɓata fuska, ya kalle ni ido cikin ido.

"Kai kaɗai ta haifa, amma ba kai kaɗai ta goya ba," in ji shi. "Kana ganin zan zaɓa wa Inna abin da ba zai yi mata ba?"

Wa zai ja da wannan magana? Muka ɗauko baƙaƙen.

Na kwashe littattafan layin ƙasa na kanta, na ajiye ɗaya a dama ɗaya a hagu, daidai kunnen wanda yake zaune a tabarma. Na ɗan janyo su daga bango don gurnanin ya ragu, na murɗe maɓallin ganga har ƙasa, na ɗaga na siririn sauti. Sannan na je na kira Inna. Ta zo tana mita wai an raba ta da aikinta, ta zauna ta miƙe ƙafa. Ba duka take kamawa ba, na san haka daga fuskarta, amma tana kama abin da ya fi rabi. Da Ta-Makka ta zo kan labarin wani tulu da aka fasa a hanyar rijiya, sai Inna ta nuna sifikar da yatsa ta ce, "Ƙarya kike, ke kika fasa shi, ni aka daka." Ta yi dariya har da share hawaye, kuma a inda ya dace ta yi ta. Ranar na ji duk wahalar kasuwar nan ta biya.

Ko mako biyu ba a yi ba na dawo daga makaranta na tarar da kantar wayam, babu sifiku, wayoyi suna reto.

Dole in yi bayanin yadda aro yake a lungunmu, don wanda bai tashi a cikin gari ba zai ce me ya hana ni zuwa in karɓo kayana. A wajenmu abin da ke gidanka na sha'anin maƙwabci ne. Tsani, turmi, babbar tukunya, tabarmi, duk yawo suke yi gida-gida. Mai biki ko suna ko zaman makoki ya aiko, ba a hana shi. Kuma ba a aikawa a karɓo sai sha'ani ya watse, mai aro ya dawo da shi da kansa tare da godiya. Wanda ya bi tukunyarsa ana tsakiyar biki, har jikokinsa sai an goranta musu. Inna kuwa a wannan fanni ba ta da wasa, tukunyarta ta fi ta sanin gidajen Madabo.

Aminina ya san wannan sarai. Shi ya sa bai zo wajena ba. Ya bari sai da na fita, ya shigo ya durƙusa gaban Inna, ya ce suna da ɗan taro, lasifikarsa ta samu matsala. Ita da kanta ta ɗauko makullin ɗakina ta ba shi. Da na fara faɗa ta ce in rufe mata baki, yaron nan sha'ani gare shi, in an gama zai kawo. Na ce Inna wannan ba biki ba ne, siyasa ce. Ta ce taro dai taro ne, kuma in na kuskura na je karɓa ba da yawunta ba.

Aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, Alhajinsa ya ci. Na ce to Alhamdu lillahi, sha'ani ya ƙare. Ashe an fara ke nan. Saura na gwamna, saura na 'yan majalisa, saura na shugaban ƙasa. Biki kwana bakwai ne ya watse, wannan kuwa kowace watsewa shirin wani taron ce. Ana cikin haka azumi ya kama, wani maƙwabcinmu ya dawo daga Umra da sabon kaset. Inna ta juya shi a hannu, ta ƙi sakawa a tsohuwar rakoda. Ta ce ta ɗanɗana jin 'yar'uwarta sosai, ba za ta koma zizi ba, za ta jira yaron nan ya dawo da kaya. Ta naɗe shi a ɗankwali ta saka a cikin kwalla.

Ganin haka na koma Sabon Gari, ko zan samu na katakon nan in roƙi mai shago ya ajiye mini zuwa wani adashin. Ya ce ai an daɗe da sayen su. Sannan cikin fara'a ya tambaye ni yaya baƙaƙen suke yi a kan mota, suna jure rana kuwa? Na ce wace mota? Ya ce ai abokin nan nawa ya riga ni zuwa, tun kafin ranar da muka zo tare. Shi kaɗai ya zo ya ce a nuna masa ƙananan sifiku masu ƙarfi, waɗanda za a ɗaure a kan bas su sha rana da ƙura, ya zaɓi baƙaƙen, ya ce a ajiye zai kawo mai biya. Mai shagon ya ɗauka duk da sanina aka yi. Har ya ce shi ma ya yi mamaki da ya ga ina gwada kayan kamfe da muryar tsohuwa.

Ban san yadda na fito daga kasuwar ba. Da a ce aro kawai ya yi ya riƙe, da na ce halin ɗan siyasa ne, na haɗiye. Amma duk Asabar ɗin nan da muka yi muna yawo a rana, ina zaro kaset ana yi mini dariya, shi ya riga ya gama zaɓensa. Ya tsaya kusa da ni ya ji awarwaron nan kamar yadda na ji. Ya fi ni kunne, ya san wanne ne zai yi wa Inna. Sannan ya ɗauki goyon da ta yi masa ya rufe mini baki da shi.

Ofishin jam'iyyarsu yana wajen Ƙofar Ruwa. Tun daga nesa na hango bas ɗin, an lulluɓe ta da hotuna, ga sifikuna a sama an ɗaure su da robar taya, suna ta amayar da waƙar yabon wani mutum da bai san da zamanmu a duniya ba. Sautin ya riga ya fara tsagewa. Aminina yana zaune a benci cikin sabuwar shadda, ya taso da murna zai rungume ni. Na faɗa masa abin da mai shago ya ce. Na zaci zai musa, ko ya sunkuyar da kai. Dariya ya yi, ya dafa kafaɗata, ya ce in bar ɗaukar abu da zafi, tafiyar nan ta mu duka ce.

"In muka shiga ofis zan saya mata wadda ta ninka wannan," ya ce. "Ai mai matsalar kunne ƙara kawai take so."

Na cire hannunsa daga kafaɗata. Ina iya hawa motar nan in kwance kayana, ba wanda zai hana ni. Amma kafin in isa gida labari ya riga ni, a ce ɗan Inna ya je ya ƙwace aro ana tsakiyar taro, kuma ita za a kalla, ba ni ba. Na juyo hannu rabbana, ina tafiya waƙar tana bina har na sha kwana.

Da zafin bazara ya shigo, Inna ta kwanta zazzaɓi mai tsanani. Ta tashi, amma kunnen bai tashi tare da ita ba. Yanzu sai ka matso daf da ita ka ɗaga murya. Bayan zaɓen ƙarshe aka aiko da sifikun a cikin buhu, ɗaya ta mutu murus, ɗaya tana karkarwa kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Aminin nawa bai zo ba, wai ayyuka sun yi masa yawa. Alhazai suka dawo, aka kawo wani kaset ɗin, ya bi ɗan'uwansa cikin kwalla.

Alkawari kam ya cika, ba zan ci haƙƙinsa ba. Bayan an rantsar da farar hula aka ba shi wani ɗan muƙami, sai ga 'yan dako sun shigo lungu da wasu sifiku biyu, kowace ta kai ƙirjina, suna gogar bango hagu da dama. Ƙofar ɗakina ta ƙi su, aka girke su a tsakar gida. Ya zo da kansa da sabon babur, ya haɗa wayoyi, maƙwabta suka cika gidan ana sa albarka. Inna ta ɗauko kaset ɗin azumi ta kwance ɗankwalin da hannunta. Da ya kunna, kaji suka watse, ƙasa ta fara zubowa daga azara, dattijon malamin nan ya aiko a tambaya ko lafiya. Muryar Ta-Makka ta zama wani gurnani da ko ni mai lafiyayyen kunne da ƙyar nake tsintar magana. Na kalli Inna. Ta dafe ƙirji tana murmushi, idonta yana yawo a fuskokin mutane, tana neman inda za ta yi dariya. Da aka gama ta sa masa albarka, ta ce Allah ya ƙara ɗaukaka, ya yi mata abin da ɗa yake yi wa uwa. Ya tafi yana jin ya biya har da ƙari. Ina jin har gobe haka yake ɗauka.

Washegari na sa aka mayar da su Sabon Gari, na yi musaya da wasu ƙanana na katako. Ba su kai na farkon ba, amma suna fito da magana tsaf. Na jera su a kantar littattafai, na kira Inna. Ta zauna a tabarma, ta matsa, ta ƙara matsawa, har ta jingina kunnenta da katakon. Na ɗaga sauti, na rage, na murɗa duk abin da ake murɗawa. Ta daɗe a haka. Sannan ta ɗago ta ce in kashe, kada in wahalar da kaina.

Daga ranar ni na zama sifikarta. In saurari Ta-Makka kaɗan, in tsayar da kaset, in sa bakina a kunnen Inna in maimaita mata da ƙarfi. Tana gaishe ki. Gwiwar ta yi sauƙi. Jikarta ta haihu, namiji. Ta ce daddawar bana ba ta kai ta bara ba. Tsokana kuwa idan ta biyo ta bakina sai ta mutu a hanya, Inna ta gyaɗa kai kawai kamar ana karanta mata sanarwa.

Muna cikin na biyun, wanda alhazai suka kawo, ta kama hannuna ta ce in dakata. Ta ce maganar duk ta ji, Allah ya yi mini albarka, amma akwai abin da ban faɗa mata ba. Na ce mene ne, Inna?

"Muryarta fa? Ta tsufa, ko tana nan yadda na san ta?"

Ta-Makka tana nan a ɗakin, tsaf, har numfashinta ina ji, Inna kuma tana zaune taku ɗaya daga ita tana jiran in ba ta labari. Na sunkuya na ce mata tana nan yadda take. Ta ce to madalla, in ci gaba.